Ƙuri'u Uku na Gidan Zammit

Duk garin da Allah ya so da rahama sai ya ba shi masani guda. Mu a Kandoola an ba mu Norman Zammit, kuma har yau ba mu gama godiya ba. Shekara ashirin da shida ya yi a bakin sikelin masana'antar sukari yana auna motocin rake, to wanda ya auna rake tan dubbai, auna ɗan siyasa wane aiki ne a wurinsa? Kallo ɗaya yake yi wa ɗan takara ya faɗi nauyinsa. Idan sakamako ya fito saɓanin abin da ya faɗa, jama'a ce ta yi kuskure, kuma ba ya jin nauyin gaya mata.

Abokansa na kulab suna kiransa Firayim Ministan Falo. Ya ɗauki sunan a matsayin girmamawa, har yakan ce bai cancanta ba, da irin muryar wanda ya san ya cancanta. Muƙamin da yake riƙe da shi a zahiri guda ne, shugaban kwamitin gashin sosej, wato niƙaƙƙen naman da ake ɗurawa a hanji, na ranar zaɓe a firamaren gari inda ake jefa ƙuri'a. Kwamitin mutum biyu ne, shi da matarsa Marlene mai yanka albasa. Duk da haka ya buga kati mai ruwan zinariya da sunansa da muƙamin a jiki, yana raba wa mutanen da suka san shi tun yana rarrafe.

"Ba a taɓa kafa gwamnati a wannan yanki ba sai da ta bi ta gaban murhuna," in ji shi. Gaskiya ne kuwa, don ƙofar rumfar zaɓen ɗaya ce, kuma a bakinta yake kafa murhun.

Mutum irin wannan ba ya rasa baƙin cikin da ya dace da girmansa. Shekara huɗu da suka wuce, gwaninsa Clem Tuckey mai sayar da taraktoci ya nemi kujerar ciyaman, ya kara da Glenda Torrisi, tsohuwar nas. Aka ƙirga aka yi kunnen doki, kowa dubu ɗaya da ɗari huɗu da goma sha biyu. Aka sake ƙirgawa har sau uku, lissafi ya ƙi motsawa. Sai aka bi abin da doka ta tanada, aka jefa sunayen biyu a akwati, jami'in zaɓe ya kau da kai ya zaro ɗaya, ya zaro Glenda. Da a ce mutum ɗaya tak ya ƙara wa Clem, da ba a kai ga akwatin ba.

Norman ya kafa kwamitin bincike mai mutum ɗaya, cikin kwana biyu ya gano mai laifi. An ga Marlene a kanti tana dariya da Glenda wajen da ake ajiye madara. Me ya rage? Tun daga ranar duk ramin da motarsa ta faɗa ya zama ramin Marlene. Idan ruwa ya shanye gadar shiga gari, sai ya leƙa kicin ya ce, "Gadarki ta nutse, ranki ya daɗe." A gaban baƙi yakan nuna ta da cokali ya ce ga matar da ta sauya tarihin yanki da fensir ɗaya. Baƙin su yi dariyar dole, ita kuma ta kwashe kwanuka. Abin yana yi mata ciwo ƙwarai, kowa yana gani in ban da shi, don gwano ba ya jin warin jikinsa.

Bana Clem da Glenda suka sake fitowa, kuma bana Norman yana da sabon makami. 'Yarsa Kirra ta cika shekara sha takwas a watan Janairu, sunanta ya shiga rajista. A gaban shaidu a kulab ya dafa kafaɗar Clem ya ce, "Gidan Zammit ƙuri'a uku ne bana. Ka rubuta ka ajiye." Tasa a hannu take. Ta Marlene, a lissafinsa, shekara huɗu na gori sun isa su dawo da ita hanya. Saura ta Kirra, wadda ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Abin da ta yarda da shi kawai shi ne za ta zauna su kalli muhawarar ranar Alhamis tare, in an gama ta yanke. Zaɓe kuwa ranar Asabar ne. Idan yarinyar ta kuɓuce masa, da wane ido zai shiga kulab?

Wani zai tambaya me ya hana masani irin wannan zuwa zauren gari inda ake muhawarar, tunda tafiyar minti biyar ce. A muhawarar da ta gabata an ba shi makirufo ya yi tambaya, ya riƙe shi minti ashirin da uku, kuma da aka ƙwace ba a samu tambayar a ciki ba. Daga nan aka kafa dokar minti ɗaya, aka kuma nuna wa mai gadin ƙofa hotonsa. Shi dai bayanin da yake bayarwa daban ne.

"Mai hangen nesa ba ya cusa kansa cikin taro," ya gaya wa Kirra. "Daga nan na fi ganinsu."

Ranar Alhamis ƙarfe shida na yamma ruwa yana dukan rufin kwano, fanka tana juya zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Norman ya fito da farar riga da nektai, a ƙasa gajeren wando da silifas, ya hau kujerarsa da littafin ba da maki a cinya. Kirra ta durƙusa tana haɗa kwamfutarta da talabijin, shi kuma yana ba ta umarni a kan wayoyin da bai san bakinsu ba. Da hoto ya fito ya ce, "Kin gani? Da kin bi maganata tun farko." Marlene tana kicin, ƙofa a buɗe, ta fara yankan albasar Asabar, kilo goma sha biyar.

Kirra abu ɗaya ya zaunar da ita. An soke bas ɗin safe da ke kai ɗalibai kwalejin koyon sana'a ta birni, inda ta samu gurbin karatun gyaran lantarki, kuma ba ta da mota. Tana so ta ji wanda zai dawo da bas ɗin. Ta gaya wa mahaifinta haka sau biyu a makon, ya ce mata siyasa ta fi ƙarfin bas.

Alƙalin muhawara ya gabatar da 'yan takara. Kafin Glenda ta gama gaisuwa Norman ya ba ta sifili.

"Dubi yadda ta riƙe takarda. Duk wanda ya riƙe takarda da hannu biyu yana ɓoye wani abu. Rubuta wannan a ranki, 'yar nan, ba a koyar da shi a makaranta."

Aka zo batun gada. Glenda ta faɗi tsawon da za a ƙara mata, da watan da za a fara, da dalilin da ya sa aka makara. Norman ya ce haddar aku ce. Clem ya tashi zai ba da amsa, sunan rafin da gadar take kai ya ɓace masa, ya yi ta kame-kame har wata tsohuwa daga cikin taro ta tuna masa. Norman ya ba shi tara cikin goma.

"Shugaba ba ya cika kansa da ƙananan abubuwa. Sunan rafi aikin magatakarda ne."

"Baba, a bakin rafin fa aka haife shi."

"Shi ya sa. Kin taɓa jin mutum yana kiran mahaifiyarsa da sunanta?"

Haka aka yi ta tafiya. 'Yan takara suna magana a talabijin, Norman yana fassara su da ƙarfi, yana gyara musu, yana gaya musu abin da ya kamata su ce. Sau biyu ya ɗaga hannu yana neman izini daga alƙalin da ke cikin gilashin talabijin, da ba a ba shi ba ya ba kansa. Ya aika tambaya ta waya zuwa lambar da ke yawo a ƙasan allo, saƙo bakwai a jere don ɗaya bai ɗauke ta ba. Da aka karanta tambayoyin mutane aka tsallake tasa, ya jinjina kai cikin gamsuwa ya ce sun ji tsoronta.

Can wani saurayi ya miƙe a cikin taro ya tambayi batun bas. Kirra ta matso bakin kujera.

"Baba, don Allah minti ɗaya."

"Yawwa, bas. Bari in ba ki tarihin bas a wannan yanki, don ba za ki ji shi a bakinsu ba. A shekarar da aka haife ni..."

Ta ga bakin Glenda yana motsi, ta ga tana lissafa wani abu da yatsu. Ta ga Clem ya karɓa yana nuna taga. Ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba. Lokacin da Norman ya iso shekarar da aka sa wa bas ɗin farko fanka, taro yana tafi, an wuce batun kwashe shara. Ranta ya ɓaci sosai, amma ta haɗiye, irin haɗiyewar da ta gani a wurin mahaifiyarta.

Aka tafi hutun minti goma. Norman ya ga lokaci ya yi da zai miƙa wa 'yarsa gadon gidan. Ya jawo ambulan ɗin takardar wutar lantarki, ya juya bayansa, ya zana akwati biyu da sunaye biyu.

"Matso ki ga yadda manya suke zaɓe. Sau ɗaya zan nuna miki."

Ya rubuta lamba ɗaya a gaban sunan Clem, a tsaye cak, ya busa mata iska kamar fensir yana buƙatar bushewa. Kirra ta ce ta gane, ai haka aka nuna musu. Ya ɗaga mata yatsa, bai gama ba. A ƙasan takardar ya rattaba hannu, sa hannun nan nasa mai jela da ya kwashe shekaru yana gyarawa a kan rasiɗin rake. Ya bi shi da cikakken suna da manyan baƙaƙe, da lambar gida da sunan titi, da muƙaminsa na shugaban kwamiti.

"A baya kuma sai ki rubuta wa wanda kika zaɓa shawara. Layi kaɗan, kada ki cika shi da surutu. Ni sakin layi uku nake yi."

Kirra ta dubi ambulan ɗin, ta dubi mahaifinta.

"Baba, a takardar gaske kake yin haka?"

"Tun zaɓena na farko. Sauran mutane suna shiga su yi zane a ɓoye su fito sumi-sumi kamar waɗanda suka saci kaza. Ni ba na jefa ƙuri'a marar uba. Duk wanda ya samu ƙuri'ar Norman Zammit ya kamata ya san abin da ya samu."

"Ai ba a ƙirga irin wannan. In dai za a gane mai ita, lalatacciya ce, gefe ake ajiye ta. Malamarmu ta nuna mana tun muna aji huɗu."

A kicin wuƙa ta tsaya. Norman kuwa dariya ya yi, dariyar tausayi, irin wadda likita yake yi wa majinyacin da ya zo da sunan cutarsa.

"Malamarku gwamnati nawa ta kafa? Wannan doka don jahilai aka yi ta, masu zana abin banza a takarda. Kina tsammani za a buɗe akwati a ga sunana a ajiye gefe? Ni fa na san a sama suke ɗora ta. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, 'yar nan. Shekara talatin da takwas ina zaɓe, ke ko fensirin ba ki taɓa riƙewa ba."

Ta buɗe baki za ta ƙara, ya nuna mata talabijin, an dawo. Wannan ne karo na farko a yammacin da ya nemi a yi shiru, saboda gwaninsa ne da magana. Tambayar ƙarshe ta fito daga wani dattijo mai noman rake, ya ce Clem ya faɗi darasin da ya koya daga kunnen dokin da aka yi.

Clem ya daɗe yana murza hularsa kafin ya matso makirufo.

"Na koyi cewa mutum ɗaya ya isa ya kayar da kai, kuma ba lallai maƙiyinka ba ne. Wancan karon akwai ƙuri'a ɗaya da ta kamata ta zama tawa, ba ta zama ba."

Norman ya juya wajen kicin ya ɗaga murya. "Kina ji ko? Har a talabijin."

"Wakilina na wurin ƙirga ya gan ta da idonsa," in ji Clem. "Lamba ɗaya a gaban sunana, rubutu mai kyau, ba ka ce komai ba. A ƙasa ga sa hannu, ga adireshi, ga muƙami. A baya kuma shawara ce sakin layi uku a kan yadda zan riƙe mulki. Aka ɗauke ta aka ajiye gefe, ni kuma na koma sayar da tarakta. Masu ƙirga sun ce duk zaɓe sai ta zo, tun kafin a haifi wasunsu, har jiranta suke yi su karanta a lokacin shan shayi. Ba zan faɗi suna ba, doka ta hana. Sau uku ina zuwa wurin mai ita, da na ce masa 'batun ƙuri'arka', sai ya ce ba sai na gode ba, ya ɗora jawabi. Shi ya sa nake roƙonsa ta nan, inda ba zai iya katse ni ba. Don girman Allah, aboki, jibi ka rubuta lamba ka fito."

Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, wannan karon kuma kasuwar ma ta sani. Zauren ya kece da dariya. Kyamara ta bi layin gaba, ga 'yan kulab suna dukan cinya, ga limamin coci ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa, ga Glenda ta rufe baki da takardar nan da ta riƙe da hannu biyu. Wani daga baya ya yi tambaya ko a sa wa mutumin albasa a sosej ɗinsa, aka sake fashewa.

A falon gidan Zammit kuwa, Firayim Minista yana zaune baki a buɗe, kuma a karon farko a tarihin yankin ba abin da ya fito. Ambulan ɗin yana kan tebur tsakaninsa da 'yarsa, sa hannun yana kallon sama. Kirra ta so ta yi dariya, ta daɗe tana jiran rana irin wannan, amma da ta ga yadda wuyansa ya yi ja a cikin nektai sai tausayinsa ya kama ta. Ta ɗauki kofin shayinta ta ɗora a kan sunan.

Marlene ta fito tana goge hannu da tsumma. Ba ta ɗaga murya ba.

"Clem na zaɓa wancan karon, Norm."

Ya juyo a hankali. "To me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa ranar da aka zaro sunan. Na sake faɗa washegari. Kana magana."

Ya gyara zama, ya lalubo ragowar muryarsa ta shugaban kwamiti. Ya ce to, abin da ya wuce ya wuce, shi ba mai riƙo ba ne, ya yafe. Muhimmin abu yanzu shi ne jibi gidan ya fita da murya ɗaya.

"Shekara huɗu kana ba ni gadar Glenda da ramukan Glenda," in ji Marlene. "Tun ina jin haushi har na fara bibiyar aikin matar, in ga abin da ake zagina a kai. Ta yi ƙoƙari. Jibi ita zan ba, wannan karon ka samu abin faɗa na gaskiya. Sauran albasar tana kan tebur, kilo tara. Wuƙar tana da kaifi."

Ta ajiye tsumman a hannun kujerarsa ta wuce ɗaki. Norman ya juya ga Kirra, wadda ta riga ta durƙusa tana zare wayar kwamfuta.

"Ke fa? Kin ce in an gama za ki yanke."

"Ban ji abin da suka ce a kan bas ba, Baba. Zan sake kallo a ɗakina, ni kaɗai. Wanda zai kai ni makaranta shi zan ba."

Ga lissafin ƙuri'u ukun da aka ce Clem ya rubuta ya ajiye. Ɗaya ta koma gidan abokiyar hamayya, ɗaya tana jiran bas, ta ukun kuma tun da aka fara jefa ta ba ta taɓa shiga lissafi ba. Mutumin da bai taɓa fashin zaɓe ba, wanda ya ciyar da masu zaɓe na gari kaf, ashe duk tsawon shekarun nan wasiƙa yake aika wa masu ƙirga.

Ya ɗage kofin, ya ɗauki ambulan ɗin, ya daɗe yana kallonsa. Wanda bai san shi ba zai rantse nadama ce ta sauko, har Kirra ta tsaya a bakin ƙofa da kwamfuta a ƙirji, tana jira ko zai tashi ya bi mahaifiyarta ya ba ta haƙuri.

"Kirra," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Malamar nan taku. Ta ce wani abu a kan harufan farko? A ce mutum ya sa N da Z kawai, ƙanana, can a kusurwa."

"In za a gane kai ne, gefe za a ajiye ta, Baba."

Ya sake duban takardar, ya rufe sa hannun da babban yatsa don ya ga yadda za ta kasance babu shi. Ta koma irin ta kowa.

"To ta yaya za su san tawa ce?"